Gilashin da ke Kama Ƙofar Madafa

Daga Magariya, a rumfar hoto, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Balkisu, wadda nake kira Uwani saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da bai iya ban kwana a tasha ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya, direba bai yi gudu ba, ƙafafunki ba su kumbura da zaman mota ba, kuma Hajiyar da za ki yi aikin hoto a hannunta ta karɓe ki da sakin fuska. Zan naɗe takardar in sa ta a jakar kyamara, ƙarƙashin gilasai, don na san halinki: kafin ki buɗe jakar tufafi sai kin buɗe wannan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, duk kin san shi, ke kika share rumfar nan yau da safe. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Shekaran jiya na ji kina gaya wa ƙawarki a salula cewa da zarar kin isa za ki ba da faffaɗan gilashin nan a musanya miki da dogo, irin wanda ke jawo 'yan kokawa daga tsakiyar fili. Kika ce faffaɗan na tsofaffi ne, yana ƙanƙantar da mutane, ba ya burge kowa. Na ci gaba da yanka hotunan katin ɗan ƙasa kamar ban ji ba. Amma almakashi ya karkace a hannuna, har na yanke wa wani bawan Allah kunne, sai da na sake wanke masa wani. Kayanki ne yanzu, na ba ki halak malak, kuma ba zan karɓe ba. Roƙonki kawai nake yi kada ki rabu da shi. Zan gaya miki dalili a hankali, ki yi haƙuri da surutun tsoho.

Kin san abin nan da ke cikin cikin kyamara, wanda haske ke sauka a kansa. Ku da kuka yi lakwal, makarantar boko, "kaptar" kuke ce masa. Ni tun ranar da na fara ganinsa tabarma nake ce masa, kuma ba yanzu zan canza ba. Gilashi yana zubo hoton duniya cikin kyamara a zagaye, kamar inuwar bishiya da rana tsaka, tabarma kuma a cikin wannan inuwar aka shimfiɗa ta. In babba ce, sai ta kwashe kusan duka. In ƙarama ce, tsakiya kawai take samu, sauran ya zube a gefe ba wanda ya gani. Fim ɗin da na yi aiki da shi da ƙuruciya babbar tabarma ce. Kyamarar da ke hannunki, kamar wadda na fara saya lokacin da fim ya fara ɓacewa, ƙaramar tabarma gare ta. Wannan duk kin karanta shi, har kin fi ni iya lissafin: lambar da ke jikin gilashi a ƙara mata rabinta, haka zai gani a kan ƙaramar tabarma. Ni ba a takarda na koya ba. A tsakar gidanmu na Bande na koya.

Kin san al'adar gidan. Kowace kaka, in an gama kwashe gero daga gonar gandu an zuba dammuna a rumbu, wana Habu, wanda kuke ce wa Baba Babba, yakan aiko a ce kowa ya zo. Mu tafi daga Magariya, 'yan Mallawa su zo a amalanke, a yi tuwon sabon gero, a yi addu'a. Tun da na fara sana'ar nan aka ƙara abu ɗaya: kafin a watse, sai an yi hoto. A shimfiɗa wa Iya, kakarki, buzu a tsakiya, maza a bayanta, mata da yara su bazu hagu da dama.

Wurin tsayuwata ɗaya ne ba ya canzawa. Akwai tsohon dutsen niƙa da ya nutse a ƙasa kusa da babban rumbu. A nan nake kafa mai ƙafa uku in ɗora kyamara a kai, in jingina bayana da rumbun, don babu sauran wurin ja da baya. Gilashina mai lamba talatin da biyar ne, wanda maigidana da ya koya mini sana'a ya sallame ni da shi a Damagaram. Daga kan dutsen nan yana gani tun daga bakin zaure a hagu har ƙofar madafa a dama, har da randar da ke jikin ƙofar. Na san wannan kamar yunwar cikina. Shekara da shekaru ko leƙa gefe ba na yi, fuskar Iya kawai nake daidaitawa in danna.

Innarki ba ta taɓa shiga ba. Ga Iya zaune, ga Baba Babba tsaye, ina za ta fito ta tsaya a gaban surukai tana kallon mijinta? Da ta ga na ɗauko mai ƙafa uku, sai ta tuna akwai miyar da za a motsa. A gida ma haka take. In na ɗaga kyamara ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza don dariya. Hoton aurenmu kin gan shi, zane ne kawai zaune a gefen gado. Ba ta taɓa tafiyar da ta bukaci kati ba, balle a tilasta mata zama a gaban labule. Matan unguwa suna tsokanarta, wai matar mai hoto ba hoto, ta ce musu ai shi yana ganinta kullum, me zai yi da takarda. Sau da yawa na same ta tana tankaɗe, hasken safiya na sauka a kumatunta, kyamara na rataye a wuyana. Ban taɓa satar hotonta ba, kuma har yau ban yi nadamar wannan ba. Ke ma kada ki saci fuskar kowa, ko da kin tabbata ba zai taɓa sani ba.

Wani lokaci nakan ɗauko hotunan waɗannan shekarun in jera su a kan tebur. Yara suna tsawo, Iya tana ƙanƙancewa, gemun Baba Babba yana fari. A dama kuma kullum ga ƙofar madafa, hayaƙi na fitowa siriri, ciki duhu. Na san tana cikin duhun nan tana leƙen mu. In na daɗe ina kallo har nakan ji ƙarar muciya a gindin tukunya.

Sai shekarar da na bi 'yan kasuwa muka tsallaka iyaka zuwa Kano don in sayi kyamarar zamani, mai kati maimakon fim. Na tafi da gilashina a aljihu, naɗe cikin hula. Na miƙa wa mai shago na ce, "Wannan zai shiga?"

Ya karɓa, ya murɗa, muka ji ya ce ƙas. Ya ce, "Ga shi nan, Malam, kamar don ita aka yi shi."

Bai yi mini ƙarya ba. Abin da na tambaya shi ya amsa. Kuskurena na farko ke nan, Uwani: na tambayi ko zai shiga, ban tambayi me zai gani ba. A Yamai za ki haɗu da masu shago da suka fi wannan daɗin baki. Duk gilashin da aka miƙo miki, ki ɗaura shi a kan taki kyamarar, ba ta mai shago ba, ki fita bakin ƙofa ki leƙa, ki ga ina ya fara ina ya tsaya.

Sabuwar kyamarar tana da agogon da ke jira kafin ya ɗauka. Na tsohuwar ya daɗe da lalacewa, shi ya sa ni ma babu ni a hotunan gidanmu. Da kakar ta zo, muka je Bande, na sami Innarki a madafa tana kwashe tuwo. Ke kina da shekarun shiga lakwal, kina riƙe da gefen zanenta.

Na ce, "Bana har ni zan shiga hoton."

Ta ce, "To, Allah Ya sa a ga kyau."

Na ce, "Ke ma ki shiga. Ba sai kin zo tsakiya ba. Ki tsaya nan ƙofar madafa kawai. In kin ga na ruga na shiga layi, ki fito. Kowa gaba yake kallo, ba wanda zai gan ki."

Ta daɗe tana gyara malmalar da ba ta bukatar gyara. Can ta ce, "Har nan yake gani?"

Na ce, "Har nan, har randar da ke bayanki."

Ta ce, "To ka ce wa yarinyar nan ta tsaya kusa da ni."

Yarinyar nan ke ce. Ba ta taɓa kiran sunanki ba, ga ki 'yar fari, ga ki da sunan surukarta. Amma ranar da za ta tsaya a hoto, ke ta nema.

Na kafa mai ƙafa uku a kan dutsen niƙa, na jingina da rumbu, na leƙa. Fuskar Iya ta fito tar, har na ga zanen goshinta fiye da yadda na saba gani, na ce a raina lalle kayan zamani daban ne. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa Iya ta matso kusa ba alhali ba ta motsa daga buzunta ba. Na danna, na ruga, na tsaya kusa da Baba Babba. Kyamara ta yi ƙara, yara suka yi kaina suna son gani a ɗan allon baya. Rana na haska shi, kawuna sun rufe shi, na ga dai mutane sun fito, na ce alhamdu lillahi. Aka watse.

Sai da na dawo Magariya na wanke shi babba sannan na gani. Ƙaramar tabarma ta ɗebi tsakiya ta bar gefe. A hagu babu zaure. A dama babu randa, babu ƙofar madafa. Ke ce ta ƙarshe a hoton, a kafaɗarki kuma ga hannu, da lalle a yatsu, da ɗan gefen zane mai ruwan ganye. Shi ne hoton da ke rataye a ɗakinki tun kina yarinya, wanda na ga kin cire shi jiya kin sa a jaka.

Na san abin da kika ɗauka duk shekarun nan, don na ji kina gaya wa mutane: wai Inna kunya ta hana ta, ta miƙo hannu kawai ta ɓuya. Ba haka aka yi ba. Ta fito gaba ɗayanta, ta tsaya daidai inda na ce ta tsaya. Gilashin ya gan ta, ya zubo ta cikin kyamara, tabarmar ce ba ta kai wurin ba.

Na kai mata hoton. Ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya ta ce, "Kyamararka ta fi ka kunya." Na ce ta tashi mu fita tsakar gida in ɗauke ta yanzun nan. Ta ce, "A'a, a gidan Iya na yi niyya. Baɗi, in Allah Ya kai mu." Wanda ya tayar da ƙura a kan hoton Baba Babba ne. Sabon babur ɗinsa da ya wanke ya kafa a bakin zaure don ya fito, madubi ɗaya kawai ya samu shiga. Ya yi ta mita wata da watanni, wai ƙaninsa ya yi masa baƙin ciki. Innarki takan kwaikwayi muryarsa har in riƙe ciki.

Damina ta zo, gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kwantar da ita. Muka kai ta gidan likita, aka yi abin da za a yi, Allah Ya karɓi abinsa. Daga ranar Baba Babba bai sake maganar babur ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Kafin ki danna, ki zagaya da idonki gefe huɗu na hoton, ko da kin tsaya a wurin sau ɗari. A gidajenmu tsakiya ta manya ce da baƙi, kuma su ba sa ɓacewa, kowa su yake kallo. Matan gida, da wadda ta dafa abincin, da uwar amarya da ke jin nauyin fitowa, gefe suke tsayawa, rabinsu a bayan ƙofa. Ba za su ce miki ki matsa don su fito ba. Ke ce za ki zo da gilashin da zai kai gare su.

Bayan an yi arba'in na koma Kano. Wannan karon na tambayi abin da ya kamata, na sayo faffaɗan nan da ke jakarki, wanda aka ƙera shi don ƙaramar tabarma. Da kaka na kafa a kan dutsen niƙa na leƙa, sai ga zaure ya dawo, ga randa, ga ƙofar madafa, har da sararin sama da ban taɓa samu ba. Na daɗe ban danna ba, har Iya ta ce, "Laminu, ƙafata ta yi sanyi." Tun daga shekarar, duk hoton gidanmu da shi aka yi.

Kuskure na biyu fushi ne ya jawo shi. Na ɗora wa tsohon gilashina laifi, na jefa shi ƙasan akwati na ce ba zan sake taɓa shi ba. Ana nan aka kira ni suna a wani ƙauye bayan Mallawa, inda babu wuta. Na tafi da sabuwar kyamara da faffaɗan, na jefa tsohuwar mai fim a jaka don ko-ta-kwana. Ana tsakiyar raɗa suna batir ya mutu. Na ciro tsohuwar, na laluba jaka, babu gilashinta, yana can gida yana zaman hukunci. Dole na ɗaura mata faffaɗan. Ya shiga kuwa, ƙas. Na leƙa na ga duhu a kusurwoyi, na ce wa kaina wanki zai gyara. Wanki bai gyara komai ba. Inuwar da wannan gilashin ke zubowa ƙarama ce, daidai ƙaramar tabarma aka auna ta, a kan babba ba ta isa. Kowane hoto ya fito da baƙin zobe kewaye da mutane. Kakan jaririn ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Malam Laminu, mu da muka yi suna a fili, ya aka yi ka jefa mu rijiya?" Sai da na koma ƙauyen na sake tara su, har da aron wani rago, don na sunan an riga an ci.

A hanyar dawowa, a bayan babur, na gane tsohon gilashina bai yi mini laifin komai ba. A kan fim ya cika aikinsa, a kan ƙaramar tabarma ma abin da aka ba shi ya yi. Faffaɗan ma haka. Kowanne da tabarmar da aka yanka masa. Na zo na ciro shi daga akwati, na goge shi, na ba shi haƙuri a raina. Shi ne wanda kike ɗaukar fuskokin amare da shi yanzu kina yabon sa, ba ki san ya taɓa zaman kaso ba.

Na san burinki ki sayi kyamara mai babbar tabarma, irin ta masu aikin jarida, wadda ke narkar da bayan mutum ta bar fuskarsa ita kaɗai. Allah Ya ba ki. Ranar da kika same ta, faffaɗan nan zai jefa mutanenki rijiya kamar yadda ya yi mini, kuma a ranar na yafe miki ki rabu da shi. Amma ki fara sayen wani faffaɗan da ya cika babbar tukuna. Kada ki kwana ko ɗaya ba ki da gilashin da ke ganin tsakar gida daga bango zuwa bango.

Kin ce yana ƙanƙantar da mutane. Gaskiya ne, in kin tsaya nesa. Faffaɗa so yake a matso, a yi sallama, a tambayi gajiya, a shiga cikin mutane har ki ji ƙamshin turarensu. An ce mini ɗakunan Yamai ƙanana ne, biki kuma cike. Za ki ja da baya ki ji bango a gadon bayanki, kamar yadda nake jin rumbu, a nan za ki gode wa tsohonki. Abu ɗaya kawai ki kiyaye: kada ki manna fuskar mutum a can ƙarshen gefe, yana ja ta. Na taɓa yi wa Gwaggonki Hassi haka, kanta ya fito dogo, ta yi shekara ba ta gaishe ni da daɗi ba. Ki bar ɗan fili bayan mutum na ƙarshe, ko randa ce ta cika shi.

Saura maganar dogon da kike so. Ni ma na so shi, kuma a nan ƙaramar tabarma gata take yi mana. Tunda tsakiya take ɗiba, duk gilashin da aka ɗaura mata sai ya ƙara nisan gani. Ki duba aljihun gefe na jakar, cikin tsohuwar safa. Akwai mai lamba ɗari da talatin da biyar, na zamanin fim, wanda na ɓoye miki don kada ki raina shi saboda fentinsa ya goge. A kan kyamararki zai gani kamar mai ɗari biyu. Da shi na ɗauki kokawa a Dungas daga bayan taro, har ana ganin yashi na zuba daga bayan wanda aka kayar. Da hannu ake daidaita shi, ba ya yi miki da kansa, amma hannunki ya fi nawa sauri. Ki jingina da wani abu in za ki danna, don yadda yake ƙara kusanto da mutum haka yake ƙara rawar hannu. Kin ga ke nan dogo yana jakarki tun kafin ki nema, ba sai kin ba da komai ba.

Kuskuren da na yi da shi ƙarami ne, amma zan faɗa. Na ji daɗin tsayawa nesa har na yi wata biyu ko uku ban cire shi ba. Ina ɗaukar mutane daga tsallaken hanya, ba sallama, ba hira. Hotunan sun yi kyau, amma in na kalle su ban san sunan kowa ba, kuma ba wanda ya zo karɓa. Ki yi aiki da shi a fili, ki cire shi in kin shiga gida.

Rana ta yi sanyi, masu awara sun fara kafa kaskonsu a bakin hanya, idona kuma ya fara gajiya da layukan nan. Ya rage abu ɗaya. Tun kina ƙarama kike nuna hoton nan kina tambaya, "Baba, kowa yana kallon gaba, kai me kake kallo?" Ni kuma in ce akuya ce ta shiga madafa. Kika yarda, har kina gaya wa ƙannen babanki labarin akuyar.

Ba akuya ba ce, Uwani. Da na shiga layi na kasa haƙuri, na juya. Ta fito daga cikin hayaƙi tana goge hannu a zane. Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa. Ta ɗaura kallabi mai ruwan ƙwai, ɗan gumi a goshinta, toka kaɗan a haɓarta ba ta sani ba. Ta dafa ki, ta ɗaga kai ta dubi kyamara kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Tana murmushi da gefen baki ɗaya, na hagu, irin na wanda ke riƙe dariya a gaban manya. Akwai 'yar wushirya a haƙoranta na sama. Hasken la'asar ya bugo bangon madafa ya dawo fuskarta. Tsawon jiran agogon nan kawai ta tsaya, da ta ji ƙarar ta koma ciki da sauri, ina jin dariyarta a can. Wannan hoton yana wurina, ba ya dushewa, sai dai ba ni da injin da zan wanke miki shi. In kina son ganin kusa da shi, ki tsaya gaban madubi ki tuna wani abin dariya ki hana kanki yi. Bakinki nata ne.

Bana idona ba zai iya daidaita fuska daga kan dutsen niƙa ba. Bara ma ke kika gyara mini a ɓoye, na kuwa gan ki. Iya ta tafi, Baba Babba ne ke zama a buzu yanzu, kuma ya riga ya fara tambaya wa zai yi hoton kaka. Na ce masa Uwani za ta zo. Ya ce in gaya miki a sa babur ɗinsa a ciki, ko da yake ya daina tashi.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga sharrin mota da sharrin baki da zazzaɓin damina. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a idonki da hannunki, Ya sa ki ci halak ɗinki cikin kwanciyar rai. Ki riƙe salla, ki gaida Hajiya da mutanen gidanta. Allah Ya jiƙan Innarki da Iya, Ya haskaka makwancinsu. Ya dawo mini da ke lafiya idan an zuba gero a rumbu, da faffaɗan a jakarki.

Ni ba zan tsaya a layin maza ba bana. A ƙofar madafa zan tsaya, kusa da randa. Ki duba gefe kafin ki danna.

Mahaifinki,
Laminu mai hoto